Kara Ɗaya a Cikin Jar Dara

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta wanzamina ba zai bari ba, don duk ranar aski sai askarsa ta tsaya a wani ɗan fili a tsakiyar kaina inda gashi ya daina fitowa. Shekara da shekaru yana tambayata abin da ya same ni a wurin, ni kuma ina ce masa ƙuruciya ce. To, ƙuruciyar ce, sai dai lokacin da na yi ta har na ajiye gemu.

Zamanin Turawa ne. Ina aikin allurar shanu, ina zaune a Rabah, muna bin rugage daga nan har gefen Goronyo. A lokacin, a ganina, abu uku ke nuna cikakken ma'aikaci: keke, jar dara, da karan sigari a gefen baki. Baturen da muke rakawa rangadi ba ya rabuwa da lofensa, ni kuma na ɗauka rabin iliminsa a cikin hayaƙin nan yake. Na fara sha don a gan ni. Kafin shekara uku, ko ba mai kallo sai na sha.

Matata Ige ɗiyar Malam Haliru ce na Wurno, dattijo mai karantarwa da safe, mai noman albasa da yamma. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, amma ba abin da ya ƙi jini kamar taba. Lokacin neman aure ba wanda ya gaya masa ina sha (ni ma ban ga dalilin da zai sa in ɗaga maganar ba). Da cikin fari ya tsufa, Ige ta tafi gida haihuwa kamar yadda aka saba, ta sauka lafiya, aka samu ɗa namiji. Ranar suna, bayan mutane sun watse, Malam ya aiko a kira ni zaure. Na durƙusa daga nesa, kaina a ƙasa.

"Malamin shanu," in ji shi, don haka yake kirana, "na ji wari ga rigakka tun da sahe. Ɗiyata za ta cika kwana arba'in tana wanka. Kai ma ka yi naka arba'in ɗin, daga yau, ba taba. In ka cika, zo ka ɗauki iyalinka. In ba ka cika ba, su zamna nan wurina sai sadda ka shirya. Jikana ba shi tashi cikin hayaƙi."

Na ce, "Baba, ai daga yau an gama." Har da dafa ƙirji na faɗe ta.

Washegari na tafi bakin gulbi, na jira sai da masu jiran kwalekwale suka taru, sannan na zaro gwangwanin sigarina na wulla shi tsakiyar ruwa. Aka yi ta sa mini albarka. Abin da ba wanda ya sani shi ne, tun a gida na riga na zare kara ɗaya. Darata ta ɗan yi mini yawa, saboda haka na cusa auduga a cikinta don ta zauna, to a cikin audugar nan na ɓoye shi. Na gaya wa kaina wai jarumtaka ce: duk wanda ya bar taba don babu ita ai bai bari ba, gwani shi ne mai yawo da ita a ka bai taɓa ba. Kun ji irin wayon da nake da shi a lokacin.

Kwana ukun farko jikina ya yi bore, kai na sarawa, baki na ɗaci. Wannan na yi tsammaninsa. Abin da ban shirya masa ba shi ne hannuna. Ashe hannun nan na dama duk rayuwarsa a kan hanyar aljihu zuwa baki take. Da na gama cin tuwo sai ya tafi aljihu da kansa, ya lalube, ya dawo ba komai, ya rasa inda zai zauna. Na ba shi goro, na ci goro har haƙorana suka rine. Na ba shi asawaki, na tauna har ya zama igiya. Daga baya ya kama fensirin ofis, irin mai zubar da shuɗi in ya jiƙe. Ina cikin rubuta shanun wata ruga wajen Tursa sai Arɗon wurin ya ƙura mini ido ya ce, "Malam, ko marina ka shiga da baki?" Maimakon in yi dariya sai na hau bawan Allah da faɗa, mutumin da ya isa ya haife ni. Ranar har da kekena na yi faɗa, don sarƙa ta faɗi.

Amma duk wannan wasa ne in aka kwatanta da wata murya da ke cikin kaina. Ba ta tsawa, lallashi take yi. Ta ce mini na gaji, na cancanci hutu. Ta ce Malam yana Wurno, ni ina Rabah, wa zai kai labari? In raina ya ɓaci ta ce taba ce magani, in na ji daɗi ta ce ai sai da ita daɗin zai cika. Na daina zama da abokaina a gindin tsamiyar kasuwar Goronyo, don duk mashaya ne, sai na koma ba ni da wurin hira. Zan faɗi gaskiya ko da kunya: na yi kewar taba kamar yadda ake kewar mutum. Ga gida shiru, ba Ige, ba yaron da sau biyu kawai na ɗauka. Wani lokaci sai in cire darar in shaƙi audugar, in mai da ita kai, in ce ai shaƙa ba sha ba ne.

Wajen mako na uku abin ya fara sauƙi. Na ji ƙanshin fura yadda na manta tana da shi. Na hau tudu da keke ban sauka na tura ba. To, daga nan sai wata cutar ta kama ni, wato baki. Duk wanda na gamu da shi sai na gaya masa yau kwanana nawa. Har wa'azi na fara yi wa abokan nawa, karan kuwa yana nan a kaina.

Ranar kwana talatin da tara muka tashi aiki da wuri a Goronyo, na kama hanyar Wurno don in gaishe da Malam, a tsai da lokacin da zan zo da 'yan rakiya gobe. Tun da na hango garin gabana ya fara faɗuwa, irin faɗuwar gaban zuwa gidan surukai. Nan take muryar ta zo da hujjar da har yau nake jinjina mata. Ta ce, yanzu kai da karan taba za ka shiga zauren Malam? Ai rashin ladabi ne. In jefar? Ta ce almubazzaranci ne. To yaya za a yi? Ta ce a ƙone shi mana, a rabu da shi gaba ɗaya, kuma ai ka san hanyar da ake ƙone sigari. Na ga wannan magana ba ta da makusa.

Na sauka a fadama, bayan wani kurmin giginya kusa da lambunan albasa, na jingine keke. Ashana kuwa ina da ita, ta dafa allurai. Na kunna, na ja sau ɗaya, kaina ya juya. Na ja na biyu. Ban kai ga na uku ba na ji takun jaki da muryoyi, na leƙa, sai ga Malam Haliru da wasu dattawa biyu abokansa, sun taso daga ban ruwa. Lambun da na zaɓa in laɓe a gefensa duk faɗin fadamar Wurno, nasa ne.

Da ina da hankali da na yar na take da ƙafa. Amma Malam ya riga ya gan ni, kuma idonsa na ƙasa yana duban hanya, duk abin da na yar sai ya gani. Sai na matse kan karan da yatsu biyu, na ɗauka ya mutu, hannun nan nawa ya mai da shi inda ya saba ajiye shi kwana talatin da tara. Na danna dara a kai, na cire takalma, na zube.

Wanda ya san gaisuwar dattawan ƙasarmu ya san ba a yi mata gaggawa. "Ina wuni? Ina gajiya? Ina aiki? Yaya mutanen Rabah? Yaya shanu?" Ina ta "Lahiya lau, Baba." Aka gama da Malam, na juya ga dattijo na biyu, aka ɗauko daga farko. A nan na fara jin wani ɗumi a tsakiyar kai. Kafin a gama da na uku, ɗumin ya zama tsinin allura. Ga shi ba a cire hula a gaban suruki, ba a kuma tashi sai an sallame ka.

Sai Malam ya dubi abokansa ya ce, "Wanga shi na yaron da nig gaya muku. Yau kwana talatin da tara bai taɓa ta ba. Ku taya ni yi mai addu'a." Suka ɗaga hannu. Malam kuwa in ya kama addu'a ba ya barin kowa a baya, har kakannin kakanni sai ya ambata. Ni ina "amin, amin," gumi na zuba, hawaye na bin gemuna. Ɗaya dattijon ya lura ya ce, "Allahu akbar, ku dubi yaron kirki, addu'a ta ratsa shi." Ɗayan kuma ya buɗa hanci ya ce, "Wai wa ka ƙonen tsumma nan kusa?"

Aka shafa. Malam ya buɗe ido ya dube ni, ya dubi abin da ke tashi siriri daga saman darata. Ya miƙa hannu ya cire ta da kansa, ya juye mini butar alwalarsa a ka. Audugar ta faɗo ƙasa jajir, guntun sigarin yana tsakiyarta. Dattijon da ya yaba hawayena ya kama jakinsa yana tari, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa na ga Ige da yarona sun yi mini nisa, kuma ni na kore su da hannuna. Wannan ya fi ƙunar zafi.

Malam ya ce abokansa su yi gaba. Da muka rage mu biyu ya ce, "Tun yaushe take cikin hulag ga?"

Na ce, "Tun ranar hwarko, Baba."

"Da ita kaka sallah?"

Na gyaɗa kai.

"Mi ya hana ka cire hula sadda kaj ji wuta?"

Na ce, "Kunyakka, Baba."

Ya daɗe yana juya darar a hannunsa, yana leƙa ramin da wuta ta yi. Can ya ce, "Arba'in ɗinka ta karye, wannan babu gardama. Amma mutumin da ya iya zamnawa wuta na cin kainai har a gai da dattawa ukku a yi addu'a, wanga ya iya haƙuri da taba. Haƙurin akwai shi, wurin aje shi na ba ka sani ba. Gobe ka zo ka ɗauki iyalinka. Hulag ga ta zamna wurina. Kowace Juma'a ka zo ka hwaɗa mini gaskiya, in ka sha ka ce ka sha. Ka bar ɗaukar abin ga kai kaɗai."

Haka na shiga Wurno tura keke, kai ba hula, riga a jiƙe. Ige ce ta shafa mini magani washegari bayan mun isa Rabah, tana yi tana dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ni kwana arba'in ina wanka da tahwasasshen ruwa ban yi kuka ba. Kai kara guda ya sa ka hawaye gaban Baba."

Ba zan yi muku ƙarya ba, bayan wannan na sake faɗawa sau biyu. Duka biyun na je ranar Juma'a na durƙusa a zauren nan, ƙarƙashin darata mai rami da ya rataye a bango, na faɗa da bakina. Bai taɓa yi mini faɗa ba, sai dai ya ce, "To, mu sake ƙirga." A karo na uku ƙirgar ba ta sake karyewa ba. Yaron nan ya girma bai san warin taba a gidanmu ba, yau shi ma yana da nasa gemun.

Abin da na koya ba wani mai zurfi ba ne. In za ka rabu da abu, ka rabu da shi duka, kada ka rage ɗaya don gwada ƙarfinka, in kuma taurin kai ya sa sai ka rage, to don Allah kada ka ajiye shi cikin auduga a kan kanka. Hannun nawa ma daga baya ya samu aikin yi. Har yau in muryar nan ta leƙo da lallashinta, sai ya tashi da kansa, ya shige ƙarƙashin hula ya shafa ɗan filin nan, ita kuma ta kama gabanta.