Tambarin da Raɓa ke Wankewa

Ga ta nan gare ku, wanda ya ga abin dariya a ciki ya dara.

Tun shekarar da Zaki ya kewaye Fadamar Awaki da shingen ƙaya, ya bar ƙofa ɗaya tak, ya sa kuraye gadi, babu akuyar da ta sake sanin ƙoshi. Kasuwa tana waje, maƙabartar kakanni tana waje. Wai don tsaron lafiyar kowa ne. Gishiri ba ya shiga, wai za a watsa wa mai gadi a ido. Igiya ba ta shiga, wai za a ɗaure kura da ita. Nonon da ake kai wa kasuwa kuwa a bakin ƙofa yake lalacewa, a juye a ƙasa.

Mai son fita sai ya je gindin kuka da la'asar, Dila ya buga masa tambarin farar ƙasa a goshi. Ƙofa kuma ba a buɗe ta sai hantsi. Ka kwana a layi, raɓa ta wanke tambarin, da safe kura ta duba goshinka ta ce ka koma. Wanda ya shirya wannan tsari, Allah ya isa, ya san raɓa sarai.

Akwai wata tsohuwar akuya, Gwaggo Kande, da jikanta Tanimu, wanda ya faɗa rami ƙafarsa ta karye. Maɗori ɗaya ne a dajin, Kunkuru, yana bayan shinge, kusa har ana jin ƙarar turminsa. Ta goya yaron ta je, aka koro ta. Ta rufe goshinsu da ganye, aka ce ɓoye fuska laifi ne. Ta kifa masa ƙwarya a ka, aka ƙwace, wai kwalkwalin yaƙi ne. Ƙafa ta kumbura ta fara wari.

Ana haka sai ga balbelu daga ƙasashen nesa, da fararen riguna fes, sun zo ganin halin da ake ciki. Zaki ya sa aka yi zaman fada a bakin ƙofa. Waziri Kura ya miƙe ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, manyan baƙi, ƙofar nan a buɗe take kullum. Ba mu taɓa hana mai tambari wucewa ba. In akuya ta kasa riƙe tambarinta, laifin gwamnati ne? Mu muka halicci raɓa?"

Balbelu suka ce sun damu ƙwarai, damuwarsu ta bana ma ta fi ta bara. Dila ya yi alkawarin kafa kwamitin binciken raɓa, zai ba da rahoto da rani.

Daga bayan ƙaya Gwaggo Kande ta ɗaga murya: "Kai Waziri, ni ban san kwamiti ba. Ku buga tambarin da safe mana, ko ku buɗe ƙofar da yamma. Yaron nan zai mutu a bayana."

"A yi haƙuri, Iya," in ji Waziri, "komai da ƙa'idarsa."

Zaki ya yi hamma, ya ce don girmama baƙi ya yi sassauci: daga yau gawa za ta wuce ba tambari, ba layi. Balbelu suka tafa fikafikai, suka ce an samu ci gaba, suka tashi.

Ba a daɗe ba Gwaggo Kande ta dawo da hantsi, Tanimu a bayanta, kansa na reto, za ta kai shi wurin kakanninsa. Kurar da ke gadi ta wage ƙofa da ladabi.

"Shi ya wuce, Iya. Ajiye shi nan, za mu kula da shi. Ke ina tambarinki?"

Tsohuwar ta dubi miyan da ke ɗiga daga bakin kurar. Ta gyara goyonta, ta juya.

Awakin da ke layi suka watse ɗaya bayan ɗaya. Da la'asar ɗin ranar Dila ya zauna shi kaɗai a gindin kuka, farar ƙasarsa ta bushe a ƙwarya. Ya aika a duba, aka tarar kowa yana gida yana goga ƙaho a jikin dutse. Da aka tambaye su dalili, suka ce ƙaiƙayi ne.