Mai Takalma a Shagon Taya

Wani mai sayar da takalma ne, irin wanda kallo ɗaya zai yi wa ƙafarka ya faɗi lambarka, kawunsa ya rasu ya bar masa mota. Ba irin motocin yanzu ba masu kama da kwalin sabulu. Tsohuwar motar tsere ce, ja, kujera biyu, ba rufi, ga dogon hanci, cikinta na neman shafar ƙasa kamar kada. Injin lafiya lau, da an murɗa makulli sai ta yi gurnani. Tayoyin ne dai suka ruɓe, wilin ya ci tsatsa. Sai aka ɗora ta kan bulo a garejin gidansa, kullum da safe ya fito da burushi da man goge takalmi ya yi ta murza ta.

Matarsa tela ce, ta daɗe tana hangen garejin nan don ta zuba kekunan ɗinkinta. Ran nan ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Baban yara, wannan baƙuwar taka yaushe za ta tashi?"

"Wace baƙuwa? Wannan ai 'yar gida ce."

"To ka ji. Ranar Asabar ka ɗauke ni a cikinta, mu zaga unguwa mu dawo ƙofar gidan nan. In ta dawo da mu, garejin nata ne har abada. In ba ta dawo ba, na riga na yi magana da mai sayen tsohon ƙarfe, ranar Lahadi zai zo da motar jan motoci."

"Zagaye ɗaya?" Ya yi dariya. "Ki shirya mayafinki kawai, iska za ki sha."

Gogan naku ya samo kwali, ya kwantar da tsohon wilin a kai, ya zagaye shi da biro, kamar yadda yake zana ƙafar yaron da ya ƙi zuwa kasuwa. Ya ƙara faɗin yatsa biyu. Ya duba, ya ƙara ɗaya. Ya naɗe kwalin a hammata, sai shagon mai taya.

Mai taya ya juya kwalin sama, ya juya ƙasa.

"Malam, wannan fa?"

"Awon ƙafarta ne."

"Ai akwai lamba a jikin tsohuwar tayar. Ita za ka karanto min."

"Lamba!" Mai takalma ya yi tsaki. "Ni za a gaya wa lamba? Kowane kamfani da irin ƙaryarsa. Arba'in da biyun wannan shi ne arba'in da huɗun wancan. Ido shi ne awo."

Da ya faɗi irin motar, mai taya ya shiga ciki ya gangaro da wata siririyar taya mai farin zobe a gefe, a kan wili mai wayoyi kamar na keke.

"Ga nata nan. Da irinsa aka haife ta."

Mai takalma ya danna tayar da babban yatsa, ya yamutsa fuska.

"Wannan ai silifas ne. Motar kawuna zan sa wa silifas? Kuma daidai cif! Wa yake sayen daidai cif? Da rana ƙafa kumbura take yi."

"Ƙarfe ne fa, Malam."

"Ƙarfe ba ya jin zafi? Waɗancan fa?"

Ya nuna wasu ƙartin tayoyi a lungu, masu haƙora, a kan wili mai ƙyalli da za ka iya aske gemu a jikinsa.

"Na motar shiga daji ne. Ramukan noti za su hau, amma tayar ba za ta sami wurin juyawa ba."

"Za ta samu. Ba ni biyu na gaba. Na baya kuma ka ba ni waɗanda suka fi su tsawo, ta ɗan sami dunduniya. Mace ce, tana son yanga."

Mai taya ya dubi lungun. Ya tuna tun bara tayoyin nan ke tare masa hanyar bayi.

"Wanne ne na dama, wanne na hagu?" in ji mai takalma.

"Waɗannan ba su da dama da hagu."

"Shi ya sa nake ganin motocin garin nan suna tafiya a karkace."

Mai taya ya ɗauki alli ya rubuta wa biyu dama, biyu hagu. Mai takalma ya nemi a sa masa kowace a kwali. Aka ba shi haƙuri.

Mai facin unguwa ne ya zo ɗaurawa. Ya tura taya, ta ƙi shiga ƙarƙashin ƙarfen jikin motar. Ya sace iska, ya tura, ta ƙi. Mai takalma ya ce a dakata. Ya shiga ɗaki ya fito da robar man shafawar matarsa, ya lafta wa bakin tayoyin, ya sa ƙotar cokalin miya yana zura su kamar mai sa wa tsoho sabon takalmi ƙafa-ciki. Da ƙyar da gumi suka shige. Aka sauke mota daga bulo, sai ga ta ta ɗaga baya ta dunƙufar da hanci kamar akuya na shan ruwa.

Mai faci ya murɗa sitiyari. Ƙiii! Ya murɗa ɗaya gefen. Ƙiii!

"Yallaɓai, tayar tana cin jikin motar. Ba za ta yi kwana ba."

"Sabo ne," in ji mai takalma. "Haka sabo yake, sai ya ɗan matse. Tana takawa zai saki."

Ranar Asabar maƙwabta suka yi cirko-cirko a ƙofar gida. Matar ta fito cikin kwalliya, ta zura kanta cikin kujerar, gwiwoyinta a haɓa. Gogan ya ɗora baƙin tabarau, ya murɗa makulli, ya ɗaga wa jama'a hannu kamar mai barin ƙasar. Mota ta miƙe titi tana gurnani.

"Ka ga kwanar nan, ita za mu bi," in ji matar.

Ya murɗa. Ƙiii! Mota ta wuce ɗoɗar.

"Ka wuce fa."

"Wannan kwanar akwai ramuka. Ta gaba ta fi."

Ta gaba ma aka wuce ta. Hayaƙi ya fara tashi, warin ƙonanniyar roba da na man shafawa ya cika titi.

"Baban yara, wannan ba ƙanshin man ɗakina ba ne?"

"Yi shiru, Maman yara, yanzu ne take saki. Ba ki jin yadda take kuka? In takalmi ya fara kuka ya kusa zama naka."

Titin gangare ne. Ya taka birki, birkin da rabonsa da aiki tun kawu na da baƙin gashi. Ƙafarsa ta nutse har ƙasa. Suka wuce mai kayan miya, suka wuce wanzami da abokin cinikinsa rabin kai a aske yana bin su da kallo. Inda titin ya ƙare kuwa, wani ƙaton ƙyaure ne a buɗe. Mota ta shige, ta ratsa tsakanin tulin ƙarafa, ta je ta dafa hancinta a jikin wani mataccen firji, ta yi ajiyar zuciya ta mutu.

Mai sayen tsohon ƙarfe ya taso daga benci yana share hannu.

"A'a, Hajiya! Ba gobe muka yi zan zo ba?"

"Ita ta kawo kanta," in ji matar, tana kakkaɓe zani.

"Kai, kai, ba sayarwa muka zo ba!" Mai takalma ya daka tsawa. "Juyawa kawai muka shigo yi."

"To bismillah, ga fili. Juya."

Ya rungumi sitiyari da hannu biyu, ya sa ƙirji, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ƙiii!

"Saura kaɗan," in ji shi yana haki. "Wallahi ta fara saki."

Mai ƙarfe ya zaga motar, ya shuri ƙatuwar tayar baya, ya karanta "hagu" da aka rubuta da alli.

"Malam, ni ƙarfe nake saya, ba na sayen roba. Cire mata takalman ta hau sikeli."