Gorar da Za Ta Kai Roni

A zamanin Turawa na yi aiki da masu safiyon hanya a Kazaure, ni ke riƙe da oba-oba, wato rediyon da muke magana da juna daga nesa. Ranar da eriyarta ta karye, na ce wa shugabanmu Malam Sule ya kwantar da hankalinsa. Na ɗaura waya a doguwar gora, na rantse muryata za ta kai Roni.

Aka tura abokin aikina Habu can a keke da ɗaya oba-obar. Bayan awa guda na hau dutse, jama'a na biye, na ɗaga gorar. Ina kira sai ga muryar Habu tangaram.

Na dubi mutane ɗaya bayan ɗaya. "Ranka ya daɗe, ka ji aikin ilimi," na ce wa Malam Sule. Sannan na tambayi Habu yadda ya sami Roni.

"Wace Roni? Taya ta fashe. Ina gindin dutsen wajen mai faci, ina hango gorarka."

Malam Sule ya yi dariya har ya zauna. Yau ko jikokina na kira daga ɗaki, sai su ce, "Kaka, muna jin ka daga Roni."