Wanda Ya Zo Gadon Gurbin Dogo

Wata biyar ke nan ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando ba ta da mai tsayawa ƙarƙashin kwando. Dogo ne mai gurbin, ƙanenmu, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi. Koci kuwa yayanmu ne, kuma tun ranar ba a cika ganin haƙorinsa ba. Ga 'yan wasa sun watse, wani aiki ya mai da shi wani gari, wani ya karye a kan babur, saura mutum huɗu. Ran Asabar akwai wasa. Doka kuma ta ce in ba ku cika biyar ba lokacin farawa, an cinye ku tun ba a taɓa ƙwallo ba, an kuma fitar da ku daga gasar.

To wani ne ya ji labari. Ran Laraba da la'asar sai ga shi ya shigo fili yana buɗa hannuwa kamar mai ƙurji a hamata.

"Ina kocin? An ce kuna neman babban ɗan wasa."

Koci ya leƙa bayansa. "Yana ina?"

"Ni ne."

Mutumin nan kansa iyakarsa ƙirjin Kyaftin, shi Kyaftin ɗin ma ba a sa shi a lissafin dogaye.

"Malam, a ina ka taɓa bugawa?"

"A bayan garejinmu. Shekara shida ina danƙara ƙwallo cikin kwando da hannu biyu. Ko tsalle ba na yi sosai."

Ya ɗaga kai ya dubi kwandonmu, ya yamutsa fuska.

"Af! Wa ya kafa muku wannan? Ya cuce ku. Ya kai shi sama da yawa."

"Haka yake ko'ina, ƙafa goma," in ji Koci.

"Namu mai walda ne ya kafa, kuma gwani ne."

Kyaftin ya ce, "Da tsani ya kafa?"

"Wane irin tsani? A tsaye ya yi aikinsa. Kuma na ɗan fi shi tsawo."

Koci ya sake ƙirga 'yan wasansa, huɗu ne. Ba yadda zai yi, ya ce a ba shi riga. Riga ɗaya ce ta rage, ta Dogo. Da gogan naka ya sa, sai ta wuce masa gwiwa. Kyaftin ya ce an huta da neman wando. Koci ya kau da kai, bai yi dariya ba.

Aka fara gwada shi a ƙarƙashin kwando, tunda nan ya ce gidansa ne. Ƙwallo ta bugi ƙarfe ta dawo, kafin ta sauko daidai tsawonsa har an cafe ta an kai ɗaya ɓangaren. Sau bakwai ana haka. A na takwas aka ji ƙara.

"Kyaftin, me ka yi masa?"

"Wallahi Koci ban gan shi ba. Na dai ji ina taka wani abu mai laushi."

Koci ya ce, "To koma gefe, ka riƙa jefawa daga nesa."

Ya jefa. Ƙwallo ta yi rabin hanya ta gaji, ta sauko ta gangara gindin ƙarfe.

"Ni fa ba na jifa," in ji shi. "Jifa aikin gajeru ne."

'Yan wasa huɗu suka sunkuyo suka dube shi.

"To zo ka zama mai rabo. Ɗauko ƙwallo daga baya ka kawo mana gaba."

Ya ɗauke ta ya rungume kamar kankana, ya taho abinsa.

"Buga ta ƙasa mana, bawan Allah!"

"Haba Koci. Babba ba ya buga ƙwallo ƙasa. Kawo masa ake yi."

Koci ya ja Kyaftin gefe.

"Me ka gani?"

"Yaya, a ƙarƙashi ba tsawo. A gefe ba hannu. A rabo ba kai. Ko a benci ma ƙafarsa ba za ta taɓa ƙasa ba."

"Amma yana numfashi. Kuma alƙalin wasa ƙirga kai yake yi, ba awo ba."

Koci ya kira gogan ya dafa kafaɗarsa, sai da ya ɗan rusuna kafin ya same ta.

"Na samo maka gurbinka. Ran Asabar za ka shiga cikon na biyar. Da zarar an busa usur an fara, ka faɗi ƙasa ka riƙe idon sawu, ka yi ta ihu. Sai mu ɗauke ka, mu ci gaba mu huɗu."

"Shi ke nan aikin?"

"Shi ke nan. Kuma a duk garin nan ba wanda ya fi ka dacewa da shi, don faɗuwarka ba nisa."

Ran Asabar ashe gogan ya gayyato matarsa, da surukinsa, da ƙannen matar su uku, har da mai walda. Suka cika benci guda. Alƙali ya ƙirga, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya waiga, ya sunkuya, ya ce biyar. Ya busa usur.

Koci ya yi wa gogan alama da hannu. Mutumin ya dubi Koci, ya dubi surukinsa, ya tattare riga ya sheƙa ƙarƙashin kwando.

"Ku kawo! Ku kawo wa babba!"

"Faɗi!" Koci yana ihu. "Faɗi, don girman Allah!"

Ina! Ya kafe a wurin, ya tare wa kowa hanya. Ƙwallo ta faɗo hannunsa bisa kuskure, ya tura ta sama, dogon 'yan ɗaya ƙungiyar ya maido ta kamar mai korar ƙuda. Ya sake, aka sake. Ta shida ko ɗaga hannu dogon bai yi ba, cikinsa ta buga. Ta tara goshin mai ita ta dawo. Mai walda ya miƙe a benci yana nuna kwando yana cewa wannan aikin banza ne, a ba shi rabin awa ya sauke shi.

Aka tashi tamanin da ɗaya da sha tara, mu ne masu sha tarar. Alƙali na busa usur na ƙarshe, sai gogan ya zube ƙasa ya riƙe idon sawu yana kururuwa.

Koci ya zo ya tsaya a kansa. "Sai yanzu?"

Ya rage murya. "Rufa mini asiri, Koci. Don surukina ya ce rauni ne ya hana ni."

Koci ya juya masa baya. Ya tara 'yan wasansa a tsakiyar fili, har da 'yan kallo.

"Jama'a, yau mun san abin da muka rasa. Ku ɗaga hannu ku taya mu. Allah ya jiƙan Dogo, ya haskaka kabarinsa, ya ba mu madadinsa."

Gogan ya manta da idon sawu, ya yi wuf ya miƙe, ya shigo tsakiya ya ɗaga hannu ya fi kowa ɗagawa.

Koci ya buɗe ido ɗaya.

"Kai sauke naka, ka ce amin kawai daga nan ƙasa. Duk abin da ka tura sama yau dawo da shi aka yi."