Yadda Na Sa wa Kogi Zaƙi

Shekarar da aka samu mulkin kai na dawo Kurmin Kogi daga Ikko, inda na ga jiragen Turawa masu ƙyalle da iska ke turawa. Na kasa zaune na kasa tsaye saboda kwalekwalen Baffa, kowace tsaga cushe da tsumma.

Na ce, "Baffa, wannan ai juji ne, ba jirgi ba."

Ya ce, "To gyara mana, ɗan Ikko."

Na zare tsummokaran kaf, na shafa fenti kore da fari, na kafa gora na ɗaura zanen matata don iska ta tura shi. Ranar kasuwar Makarfi na loda duk mazarƙwailar da Baffa ya dafa, na tura jirgi ina ɗaga wa jama'a hannu.

Ina tsakiyar kogi na ji sanyi a ƙafa. Ashe tsummokaran ne ke tare ruwa. Na fito da iyo, Baffa na salati, mazarƙwaila kuwa ta narke tas.

Har yau in kunu ya yi lami, matata sai ta miƙo min ƙwarya: "Malam, ɗebo mana na kogin."