Rasuwar Kwanon Miyar Gidan Pimentel

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da gajiya, Uwargida Graciete Pimentel ta unguwar Graça a birnin Lisbon na ƙasar Portugal take sanar da dangi da maƙwabta rasuwar kwanon miyar gidansu, wanda ya cika da safiyar Talata yana da shekara ɗari biyu da sittin a duniya.

An haifi marigayin a ƙasar Sin, farin tangaran ne mai zanen shuɗi. Wani kakan kakannin Graciete ne ya aika da tambarin gidan ta jirgin ruwa, ya jira shekara biyu kafin kwanon ya iso. Zaki ne a tambarin, amma mai zanen ya fitar da wata aba mai kama da kyanwa tana fama da mura. A haka zuri'a takwas suka girmama ta.

Mai haƙuri ne. Tun da Graciete ta yi wayo bai ɗanɗana miya ba, bai kuma taɓa ƙorafi ba. In an ƙwanƙwasa bakinsa da farce yakan ce "tiiin", ya daɗe yana ja. A gadon ajali uwar Graciete ta damƙa mata shi, ta ce, "Ke ce mai natsuwa. Kar ki ba Amândio." Amândio, ƙanen Graciete, yana tsaye a ɗakin. Shekara goma sha tara bai sake taka gidan ba. Ita kuma saboda kwanon ba ta ƙara kwana a wani gari ba, dillalan kayan tarihi suna sallama tana mayar da su daga bakin ƙofa.

Ciwon ya fara bara, da tsaga siririya kamar gashi. Murya ta dishe, ta koma "tak". Yatsun Graciete ma sun fara sandarewa. Ranar Talata ta sauko da shi don wankan shekara, ta ji yana zamewa, ta kuma san ba za ta iya tare shi ba. Ta zauna a daɓen kicin tana kallon gutsattsarin. Hawaye bai zo ba. Can ta buga wa Amândio waya.

"Ya fashe," ta ce.

Ya ce, "Yaya, kin yanke?"

"A'a."

"To kar ki sa hannu. Ga ni nan da tsintsiya."

Marigayin ya bar murfi ɗaya da ya rasa abin rufewa, da farantinsa da ya ɓantare a gefe, da tsofaffi biyu da suka sha kofi tare ranar ba wanda ya ambace shi.

Za a binne shi ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, cikin gwangwanin biskit, a gindin lemun tsamin bayan gida. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su zo da gam, ko sunan wani gwanin gyara. Mai sauran ƙarfi ya sammako ya taya a fitar da kabad ɗin gilashin da marigayin ya zauna a ciki. Graciete tana so ta ajiye kujera a wurin, don nan rana ta fi shigowa.