An Kulle Rijiyar Kakana

Jama'a, yau da safe na fita da guga zan ɗebo wa Inna ruwan wanka, sai na tarar an rufe rijiyar ƙofar gidanmu da murfin ƙarfe, an danna mata ƙaton kwaɗo. A gefe ga allo sabo fil: "Gadon Kakanni. A Kiyaye."

Kakana ne ya haƙa ta da hannunsa. Tun da famfon unguwa ya daina ko tari, ita ke shayar da mu duka.

Maƙwabcina tela ya leƙo, tef rataye a wuya.

"Ai jiya kana kasuwa Mai Girma Gwanin Yanke Ƙyallen Buɗe Aiki ya zo da masu ɗaukar hoto," in ji shi. "Ya ce abin tarihi ne, ba za a bar talaka yana zura guga a ciki ba, kada tarihin ya ƙafe."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na sa hula na nufi ofishin hukuma, inda wani ƙaramin mai girma ya karantar da ni kyauta. Rijiya, in ji shi, gadon al'umma ce, dole hukuma ta riƙe mana. Famfo kuwa matsala ce da suka gada daga waɗanda suka gabace su.

Na ce, "To ranka ya daɗe, famfon da kuka gada yaushe za a gyara shi?"

Ya ce, "Malam, abin da aka gada ba a taɓa shi da garaje."

Gaskiya mutanen nan akwai riƙon amana. Famfon ma sun adana shi daidai yadda suka same shi.

Da na kai wa Inna labari, ta dubi gugan a bushe ta ce, "Allah ya ji ƙan kakanka. Da ya san tarihi yake haƙawa, da ya sa riga mai kyau."

Ɗazu da yamma na ji ƙarar ruwa a ƙofar gida. Ina fita sai ga direban Mai Girma ya buɗe kwaɗon, yana sheƙa wa mota ruwa har cikin tayoyi.

Na ce, "Ɗan'uwa, ba an ce gado ba ne?"

Ya ce, "Shi ya sa magada kaɗai ke taɓawa."

Ashe ni da Mai Girma kakanmu ɗaya, ban sani ba. Inna ta ce ita dai ba ta tuna ranar sunansa ba, amma in da gaske ɗan'uwa ne, don zumunci ya sam mata guga ɗaya.